Yadda Aka Rufe Shagon Mai Kwafi

Shagon ɗinkina na Gyaɗi-Gyaɗi bango ɗaya ne da na mai kwafi. Mutumin kudu ne, Kirista, amma a Tarauni, nan Kano, aka yanke masa cibiya, Hausarsa ma ta fi tawa gishiri. Shi ke buga wa ɗalibai takardu, shi ke yi musu rajistar jarrabawa. Hajiya yake ce mini tun ban ga Makka ba, ni kuma in ce masa Oga.

Da ya sa waifai saboda aikinsa, sai 'yan majalisar layinmu suka ɗauko bencinsu suka dasa a jikin bangonsa. Magidanta fa, da gemunsu, ba yara ba. Na ce masa ya ɓoye lambar sirrin, ya yi dariya ya ce a garin nan wa ya taɓa hana maƙwabci ɗiban ruwa a famfonsa. Mutum ɗaya ya ba, kafin la'asar kowa ya samu.

A lokacin ana yayin wata manhajar VPN ta kyauta, wai tana buɗe shafukan kallon ƙwallo da aka toshe. Daga waya zuwa waya suke tura wa juna. Sharuɗɗanta dogon Turanci ne, kowa ya danna amincewa ya wuce. Ashe irin wadda ake musayar layi ce. Kai kana bi ta layin wani a wata ƙasa, wani baƙo kuma yana bi ta naka, duk ɓarnar da ya yi a ƙofarka sawunsa zai tsaya. Ƙofar kuwa ta Oga ce, don da sunansa aka sayi layin.

Wata rana da hantsi ina yankan shadda, wasu jami'ai suka zo suka tafi da shi da kwamfutarsa. Wai ta layinsa aka kutsa asusun bankin mutane. Lauyan da matarsa ta ɗauko ne ya gano bakin zaren, ya ce abin da ake bukata kawai masu amfani da waifan su je su nuna wayoyinsu, a ga manhajar a ciki.

Na fita na sami majalisa. Wallahi kafin in rufe baki kowa ya sunkuyar da kai yana latse-latse, goge manhajar suke yi a gabana. Babbansu, wani Alhaji mai sayar da tayoyi, ya gyara hula ya ce, "Hajiya, mu fa ba mu san abin da yake yi a ciki ba. Kin san mutanen nan da kwamfuta."

Mutanen nan. Mutumin da ya ɗauki gawar mahaifin Alhajin nan tare da mazan layinmu har maƙabarta. Na wanke su tas, sai da maigidana ya zo ba da haƙuri, ni kuwa har yau ban janye ko kalma ɗaya ba. Na je shaida ni kaɗai, amma wayata 'yar rakani-kashi ce, ba ta hawa intanet, ba abin da ta nuna musu.

An sake shi daga baya, don ba a sami komai a kwamfutarsa ba. Sai dai magana ta riga ta zaga har Darmanawa. Iyaye suka daina kawo takardun 'ya'yansu. Ya wuni yana goge injin da ba mai amfani da shi, har ya gaji ya sayar, ya kwashe iyali zuwa garinsu a kudu, garin da bai taɓa yin wata guda a cikinsa ba. Ranar tafiyarsa ya tsaya a bakin shagona ya ce, "Hajiya, da ko mutum ɗaya ya zo da wayarsa, da na zauna." Maganar nan tana cina har yanzu.

Da sabon ɗan haya ya fara fentin shagon Oga, Alhajin nan ya leƙo shagona ya yi sallama. Tambayata ya zo yi ko na ji wannan ma zai sa waifai.