Saiwar da aka ce in shafa, na jiƙa na sha

Wata uku kuna tambayar ina Hajara ta shiga. Ina nan Hayyin Ashir, unguwar da muke zaune a nan ƙasar Larabawa, kuma saura ƙiris in kashe kaina da hannuna.

A hawa na biyar muke, ciwon gwiwa ya saka ni gaba. Maƙwabciyata Maryam, 'yar ƙasar Sin da ke karatu a nan, ta ba ni wata busasshiyar saiwa ta garinsu. Ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, a man zaitun za ki saka ki shafa. Shafawa kawai."

Na ce tamam, na ji. A raina kuwa cewa na yi, ina aka taɓa shafa saiwa? Mu a gidanmu jiƙawa ake yi a sha. Na jiƙa a kwalba, bayan azahar na sha rabin kofi, a kan ƙwayar ciwon zuciyar da nake sha kullum.

Kafin la'asar harshena ya zama kamar ba nawa ba. Ga amai, ga zufa, zuciya ta buga ta tsaya. Mijina, Abban Sadik, ne ya goyo ni har ƙasa.

A asibiti aka manna min wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Sau uku likita tana tambayata abin da na sha, ina cewa ba komai. Kunya nake ji, ga tsoron jawo wa Maryam masifa. Sai ga Maryam ɗin da kwalbar da ta tarar a gidanmu, tana kuka.

Likita ta ce, "Ya madam, wannan guba ce, kuma ta haɗu da maganinki a kan zuciya ɗaya."

Wallahi na tsorata, Sadik ko yaye shi ban yi ba. Kwana shida na yi, kuɗin zuwanmu gida hutu suka tafi gaba ɗaya.

Ranar da aka sallame ni Inna ta kira daga Gusau: "Sannu 'yar nan. Akwai wata saiwa ta ciwon zuciya, zan ba da a kawo miki."

Inna, don Allah!

Na gode wa Allah, na gode wa Maryam da ta tona min asiri. Ku kuma, in kuna kan maganin asibiti, kada ku haɗa shi da komai sai likita ya gani. In ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya tun a karon farko.

Gwiwar tana nan tana ciwo. A kowane hawa sai na tsaya na huta, in dafa ƙirjina in ji tana bugawa daidai, in ci gaba.