Motar da Ta Gangara Shiru

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa a-kori-kura a Doha, ina kwaso tumatir da kokwamba daga wata gona a Umm Salal zuwa kasuwar Abu Hamour. Kafin nan tasi nake ja tsakanin Zariya da Funtuwa, a zamanin da mutum kan wuni a layin gidan mai ya tashi da galan guda, ko ya ƙare a hannun 'yan bumburutu. Can na koyi ƙyashin mai, kuma ya bi ni har ƙasar da ba wanda ya damu da shi. Kafil ɗina, Balaraben da ke da gonar, bai taɓa tambayata yadda na yi da tanki ba. Ni ne dai idona ba ya barin allurar mai, kamar mai jinya a gefen gado.

Sanyin Doha bai kai a kira shi ɗari ba, amma motar tana jin sa. Da ya shigo sai in ga allura tana faɗuwa da wuri. Wata Juma'a a Asian Town, matattarar baƙin ma'aikata, na yi wa wani injiniya ɗan Kano ƙorafi muna shan shayi. Ya ce inji mai sanyi dole ya fi sha, kuma iskar taya kan ragu idan gari ya yi sanyi, don haka in riƙa auna ta. Ya ce in daina barin mota tana ɗumi a tsaye tsawon lokaci, in ja ta a hankali ta ɗumama a hanya, in sauke tarkacen da nake yawo da su a baya, in haɗa ƙananan aike su zama fita ɗaya. Duk na karɓa, kuma sun yi aiki. Da daɗin hira ya ɗebe ni, sai na ba shi tawa dabarar ta gida, wadda muke kira firi: idan an zo gangara a zare giya, a kashe inji, mota ta sulale da nauyinta. Ya ajiye kofinsa.

"Baba, wannan kam a bar ta a Funtuwa," in ji shi. "Inji a kashe, birki taki biyu ne ya zama dutse."

Na yi masa dariya irin ta wanda ya riga shi ganin sitiyari.

Gonar a cikin kwari take. Daga kwalta akwai hanyar burji da ke sauka a hankali har bakin ƙofa, gangara ce da mai tafiya a ƙasa ba zai ma lura da ita ba, amma taya ta san ta. Lokacin sanyi hazo jiƙaƙƙe kan taso daga teku ya kwanta a kwarin har hantsi, fari fat, ba ka ganin abin da ya wuce hancin motarka. Nan nake yin firi kowace safiya. Da na murɗa makulli sai duniya ta ɗauke. Ba tsuntsu, ba iska, sai tsakuwa tana raɗa a ƙarƙashin taya. Turakun shinge su fito ɗaya-ɗaya kamar mutane a tsaye cikin fararen kaya, su wuce, su ɓace. Wani lokaci tsigar jikina kan tashi, amma ina son abin. Akwai wata kurna kusa da ƙarshen gangarar, a nan nake tayar da inji in ƙarasa da ƙara kamar kowa, don haka babu wanda ya san ina yi.

Maigadin gonar wani dattijo ne daga zangon Kumasi, ya girme ni da kamar shekara goma. Hausarsa ta zango ce, komai namiji ne a bakinsa, har mota har mace. Yanar ido ta fara rufe masa gani, yana ɓoyewa kada a sallame shi, ni kaɗai ya gaya wa. Da kunne yake aikinsa. Tun daga nesa ya san tankar ruwa, ya san motar kafil, ya san tawa, wadda yake cewa tana tari kamar tsohon mashayin taba. Kafin in iso ya buɗe ƙofa, ya miƙo mini shayi ta taga, yana tsokanata wai Zage-zagi ba su iya gaisuwa ba sai an ba su abin sha. Ina ce masa Malam, yana ce mini Direba.

Ranar da abin ya faru hazon ya fi na kullum kauri. Na kashe fankar da ke busar da gilashi, don a tunanina ita ma mai take ci, ina goge gumin gilashin da hulata. Na zare giya, na kashe inji. Na riga na taka birki sau biyu a kwanar farko. Can tsakiyar gangara wani farin abu ya tsaya a gabana ta dama, na ɗauka turke ne, sai turken ya motsa. Na taka birki, kamar na taka dakali. Ban tuna da hon ba. Na ji motar ta taɓa abu, ba da wani ƙara mai yawa ba, kamar an jefa buhun gero a kan tabarma. Madubin gefe ya naɗe ya tsage. Motar ta ci gaba da sulalewa shiru, ni kuma na ƙyale ta.

Wannan shi ne abin da na fi jin kunyar rubutawa. Akwai birkin hannu, ban ja ba. Na bar ta ta kai ni har kurna, inda ƙarar inji ba za ta kai can inda abin ya faru ba. Sannan na tayar da inji, na bi ta wata hanyar bayan shinge na koma kwalta, na sake saukowa da ƙara da fitila, kamar yanzu nake isowa.

Malam ne kwance a gefen hanya, butarsa can gefe. Ashe akuya ce ta ɓalle ya hau nemanta. Da ya ji tarin motata sai ya fara kirana tun kafin in tsaya. Na ɗauke shi, ƙugunsa ya karye, bai iya taka ƙasa. Ya riƙe wuyana yana sa mini albarka, yana cewa Allah ne ya kawo ni. A hanya na tambaye shi me ya same shi, da bakin nan nawa na tambaya. Ya ce yana tafiya yana kasa kunne, babu motsin komai a duniya, sai wani abu mai sanyi ya zo ya ɗaga shi ya yar, ya wuce ba sawu ba numfashi.

A asibiti aka rubuta faɗuwa. Wata nas 'yar Jos ta ja ni gefe ta ce ita dai ba ta saba ganin faɗuwa ta bar irin wannan shatin ba, ko na ga wata mota a hanya? Na ce ban ga kowa ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta koma aikinta.

Bayan makonni aka dawo da shi ɗakinsa na bakin ƙofa. Ƙashi ya fara haɗuwa, amma mutumin bai dawo ba. Ya toshe taga da kwali. Idan hazo ya sauka ba ya cin abinci, ba ya yarda a buɗe ƙofa, sai ya juya fuska bango yana jan ayatul kursiyyu har muryarsa ta dushe. Ya ce abin ya san shi yanzu, yana jin sa tsaye a waje, kuma alamar zuwansa ita ce shiru. Mutumin da kunnensa ya zame masa ido ya koma tsoron duk lokacin da bai ji komai ba. Ma'aikatan gonar, 'yan Sudan da 'yan Bangaladash, suka daina bin gangarar ɗai-ɗai. Wani ya ce ya ga abu dogo kusa da kurna, wani ya ce ya ji ana kiran sunansa. Ni da na san gaskiya, sai da na fara waiwaye idan na zo wurin. Na daina firi, amma ko da inji yana ruri sai in ji kamar akwai wata motar a bayana tana sulalowa ba ƙara.

Kullum ina kai masa koko da nake damawa da kaina, ina kallon yadda yake ramewa. Na san maganinsa yana bakina, kalma kaɗan ce. Amma ina tsoron 'yan sanda, ina tsoron a kore ni, na fi kuma tsoron ya daina sa mini albarka. Sai in ce gobe.

Kafil ya yanke shawarar mayar da shi gida. Ana jibi zai tafi na shiga ɗakinsa da hantsi, na rufe ƙofa, na durƙusa gaban gadonsa na faɗa masa komai, tun daga layin mai na Zariya har zagayen da na yi ta bayan shinge. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya lalubo kaina ya dafa.

"Direba, Allah ya biya ka," ya ce. "Ka ga ina wahala, kana so ka ɗauke mini. Amma ƙarya ba kyau, ko ta tausayi ce."

"Malam, wallahi ni ne. Ni na buge ka."

"Shekara nawa ina jin motanka? Mota ba ya tafiya shiru. Kai ka zo daga baya, na ji ka da kunnena."

Na ce ya tashi in kai shi ya shafa madubin, sai na tuna na riga na canza shi tun a makon farko. Na ce zan gangaro da motar a kashe ya saurara da kansa. Nan ya janye hannunsa daga kaina, ya matsa jikin bango. Ya karkata kunne wajena kamar yadda yake yi wa motar da bai sani ba. Sannan a hankali ya tambaye ni wa ya aiko ni in fitar da shi kan hanyar nan, kuma tun yaushe abin ya fara magana da bakina.

Bai ƙara cin abin da na kawo ba. Ranar tafiyarsa ya roƙi kafil kada a sa ni in kai shi filin jirgi, direban tankar ruwa ne ya kai shi. Ina tsaye bakin rumfar tumatir aka fito da shi a kujera, ya rufe kansa da bargo, leɓensa yana motsi.

Da na faɗa a ranar farko, da ya yi fushi da ni ya warke. Na jira har tsoron ya yi saiwa, gaskiyar ta zo ta tarar ba wurin zama. Daga baya na je na gaya wa kafil, ya ɗaga kafaɗa ya ce khalas, abin da ya wuce ya wuce. Na nemi lambar ɗan Malam a wurin wani Bazange ɗan garinsu a Asian Town, na kira sau uku a shekarar nan. Ɗan yana karɓa da ladabi, ya ce tsoho yana nan, ba ya fita, rediyo a kunne dare da rana don ba ya son ɗaki ya yi tsit. Duk sanda na ce a ba shi wayar, sai in ji ɗan ya faɗa masa ko wane ne, in ji an ƙara muryar rediyon, sannan ɗan ya dawo ya ce in yi haƙuri, Baba ya ce ba ya nan.