Motar Dawa da Yayana Ya Tuƙa

Mu biyu Inna ta haifa maza, kuma dukanmu kaki muka sa. Yayana ya shiga soja, aka koya masa tuƙin babbar mota. Ni na shiga jandarma, aka aje ni Ɗan Issa, bakin iyaka, kusa da gida.

In hutu ya haɗa mu Madarumfa, gardama muke yi a bakin tabki. Yana cewa ni na more, kullum tuwon Inna, shi kuwa sai shinkafar bariki da tsawar manya. Ni ina ce masa gara shi, don ba wanda ke ɓoye kaya in ya hango soja. Har matan garinmu sukan yi shiru in na gitta.

Shekarar da ruwa ya ƙi, dabbobi suka ƙare, aka tura su Yaya arewa da buhunan dawa. Ya yi murna. Ya ce yau dai kakinsa zai yi wa wani amfani.

Bayan wata huɗu ya dawo a rame. Inna ta aje masa tuwon dawa, ya zuba wa ƙwaryar ido har miya ta huce. Na ja shi waje.

"Yaya, ciwo kake?"

"Lafiyata lau," ya ce. Sai can ya ci gaba: "Wani tsoho ne, makiyayi. Yana zaune gindin aduwa a bakin hanya, ya ɗaga mana hannu. Na sassauta, sarjan ya ce buhuna a ƙirge suke, sai an kai gari. Na taka mota. Bayan kwana uku muka biyo hanyar, yana nan zaune yadda muka bar shi, ba rai. Ni na tona masa kabari."

Na ce umarni ya bi. Ya ce, "Ƙafar wa ke bisa birki?"

A watan nan ni ma na maida iyalai da yawa daga kan iyaka, da jarirai goye, ban kuma tambayi inda suka nufa ba.

Da wa'adinsa ya cika, ya aje kaki, ya koma su, kamun kifi, a tabki. Bai sake tuƙi ba. In zai je Gabi, a ƙasa yake tafiya, duk wanda ya tarar zaune a hanya sai ya tsaya ya tambaye shi ko ya ci abinci. Mutane suka ce ya taɓu. Ya rasu da damina, shekara shida bayan haka. Ni na ci gaba da aiki, har aka ƙara mini girma sau biyu.