Hajjin Kakana a Jirgin Iska

Akwai wata ƙara da ƙyallen faluka ke yi idan iska ta cika shi farat ɗaya. Ko a kan gada nake, cikin hayaniyar motocin Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, in na ji ta sai kunnuwana su ɗauki zafi. Faluka dai shi ne ƙaramin jirgin katakon nan na Kogin Nilu wanda ba shi da inji, iska ce ke tura shi.

Ina yarinya muka baro Sudan muka sauka a unguwar Darrasa ta Alƙahira, a ɗaki biyu can saman wani tsohon bene. Kakana ne babba a gidan. Matarsa, wadda muke ce wa Iya, ba ta kiransa da komai sai Alhaji, kuma kullum da ɗan murmushi take faɗa. Ni ban taɓa lura da murmushin ba. Abin da na sani shi ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya yi shekaru a hanya yana noma yana dako, har ya shiga sambuk, babban jirgin iskan da ke ɗaukar alhazai a Bahar Maliya. Sauran labarin ni na ƙarasa shi da kaina, na zuba masa gishiri son raina.

Wadda ta fi shan wannan gishirin ita ce ƙawata, 'yar wani ɗalibi Bakano da ke ƙasan benenmu. Ta cika baki da cewa babanta ya je Makka a jirgin sama. Na ce ai wannan hajjin zaune ne, namu kakan da igiyar ruwa ya yi kokawa. Na yi ta faɗa har maganar ta kai kunnen babanta, ya ce lallai yana son ji daga bakin dattijon.

Kashegarin Babbar Sallah da la'asar muka ɗauki faluka, mu da su. Zafin rana ya fara sauka, ruwan yana warin laka, Iya ta ƙullo soyayyen nama a kwano. Na zauna jikin Kakana ina hura hanci. Muna tsakiyar kogi mai jirgin ya ce a sunkuya, ya saki igiya, ƙyallen ya juya zuwa ɗaya gefen. Kakana ya bi shi da kallo, sai ya fashe da dariya.

"Wallahi haka ya yi mana," in ji shi.

Baban ƙawata ya matso. "Wa ke nan, Baba Alhaji?"

"Mai sambuk mana. Ɗana, ni fa ban taɓa taka Makka ba."

Ya ba da labarin tiryan-tiryan, yana cin namansa. Sun taso daga wajen Sawakin, a gaɓar Sudan, dukkansu mutanen tudu, babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Kwana da kwanaki mai jirgin yana juya ƙyalle, su kuwa suna kwance suna amai. Da aka hango ƙasa mai jirgin ya ce yalla, a sauka, ga Hijaz nan, ƙasar Makka. Suka ɗaura harami, suka faɗa ruwa iya ƙugu, mata na guɗa, maza na sujada a kan yashi. Suka nausa cikin daji suna labbaika, har suka ci karo da wani makiyayin raƙuma, suka tambaye shi hanyar Jidda. Ya nuna musu tekun da suka baro. Ashe gaɓar Sudan aka dawo da su, jirgin kuma ya tafi da guzurinsu.

"Tun ranar wannan matar ta liƙa min Alhaji," ya ce yana nuna Iya. "Tsokana ce ta bi ni."

Kowa ya yi dariya, har mai jirgin da aka fassara masa. Ƙawata ba ta yi ba. Kallona kawai ta yi, kuma da ma dariyar ta yi da ya fi min sauƙi. Kunya ta rufe ni. Na janye jikina daga na Kakana a hankali, na koma bakin jirgi ina kallon ruwa.

Ya ji lokacin da na janye. Da muka sauka ya rage tafiya har na iso inda yake, ya ce, "Amaryata, kunyata kika ji?" Na yi kamar ina gyara takalmi. Bai sake tambaya ba.

A nan Alƙahira ya rasu, bai ƙetare ba. Yanzu ba wanda ke jiran iska don ya je Makka, kafin shayi ya huce a hannunka an ce a ɗaura ɗamara za a sauka. Na je nawa hajjin, bara kuma na koma na yi masa. A cikin jirgi wata mata da ke kusa da ni ta ji na ambaci wani a niyyata, ta ce, "Hajiya, na wa kike yi?"

Na ce na kakana ne, bai taɓa zuwa ba. Ranar na fara faɗin haka da bakina, ga furfura a kaina, kuma duk da haka sai da na rage murya.