Allon Da Yayana Bai Gama Ba

Shekarun baya, lokacin da ake aikin madatsar Bakolori, Talata Mafara ta cika da baƙi, kowa ya kafa rumfa yana son allo a kanta. Yayana ke rubuta musu. Haruffansa ba sa tsayawa a layi. Wani ya jingina da ɗan'uwansa, wani ya turo ciki kamar ya ƙoshi da tuwo, ƙugiyar ƙ kuwa sai ya lanƙwasa ta kamar jelar akuya. Masu shayi da masu gyaran keke suna son hannunsa. Da mai kemis ya zo, yayana ya tura shi wurin wani, ya ce wanda ya zo neman magani ba wasa ya kawo shi ba.

Zazzaɓi ya ɗauke shi da damina. A zaure ya bar allon wani mai shayi, mutumin Faru. Ya rubuta SHAYI DA BURO da jan fenti, haruffa biyu suka rage.

Mai shayin ya zo gaisuwa bai ta da zancen allon ba. Sai bayan sadakar arba'in ya dawo, muka daɗe muna gaisawa, sannan ya ce rumfarsa ce kaɗai babu allo a bakin hanyar leburori, ko zan ƙarasa masa.

Na amsa, amma na kasa zama. Ni rubutun firamare na iya, na rula da layi. In na sa hannu na ɓata abu na ƙarshe da yayana ya taɓa, in na ƙi na hana mutum abinsa. Na riƙa zagaya tasha ina kallon allunansa, in dawo in gwada a ƙasa da tsinke, in goge da ƙafa. Na gwada a tsohon kwano, na gwada a bangon bayan gida. Nasa haruffan suna rawa, nawa kamar masu ciwon baya. Ko gona na je, sai in ga ina zane a kunya da bakin fartanya.

Wata safiya mahaifiyata ta same ni tsugune gaban allon. Ta ce, "Kai ba shi ba ne. Rubuta naka, ka kai wa bawan Allah kayansa."

Na ɗauko rula na rubuta D da I, a miƙe kamar turakun rumfa. Na kai masa a kan keke, ina jin kunya. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Bar shi haka, ƙanena. Kowa ya gani zai san inda yayanka ya tsaya."

Yanzu nakan ga irin wannan rubutu mai wasa a takardar alewa da rigunan yara, can ne ya dace. Yawanci inji ke bugawa, komai ya cika daidai. Duk da haka sai na tsaya na bi kalmar da ido har ƙarshenta, sannan in iya wucewa.