Bawul a Cinyar Hagu

Aikina nutso ne. Ina shiga ƙarƙashin jiragen ruwa a tashar Dubai in kankare gansakuka da ƙananan katantanwar da ke mannewa a jikinsu. Ruwan tasha ba na wanka ba ne, akwai mai, akwai ƙazanta. Don haka muna sa wata riga mai kauri wadda ke rufe mutum daga wuya har tafin ƙafa, ruwa ba ya taɓa fata.

Duk wanda ya ji wannan bayani, in ya yi tunani, zai zo ga tambaya ɗaya: fitsari fa? Zafin garin nan yana tilasta mutum ya sha ruwa da yawa kafin ya shiga, kuma ba a fitowa daga aiki don a zagaya. Ga yadda ake yi. Da farko mutum zai aske gashin wurin. Sannan ya sa wata roba mai danƙo a gabansa, wadda ke da ɗan baki a ƙarshenta. Bayan haka ya haɗa bakin da wani siririn tiyo da ke cikin rigar. Tiyon yana tafiya zuwa wani bawul a cinyar hagu, shi ke fitar da fitsarin cikin teku. Robar nan, in ka gan ta a leda, ba ka da abin da za ka kira ta sai kwaroron roba.

Ban taɓa gaya wa matata wannan ba. Ta san ina nutso, ta san mahaifina masunci ne a bakin kogi, tana alfahari da cewa ruwa ya kawo ni har nan. Amma a ce ni, da gemuna da 'ya'yana, ina fitsari a tsaye cikin riga, bakina bai iya faɗa ba.

Ni mutum ne mai son tsari, kuma ina da nawa. In na fito, sai in cire robar in yar. In ɗauko buta in zuba wa bakin tiyon ruwa, in zuba wa bawul ɗin ta waje, yadda aka koya mana tun muna yara cewa ruwa ke gusar da najasa. In naɗe rigar in sa a kabad ɗin ma'ajiyar kayan aiki, in yi wanka, in yi alwala, in yi salla. Shugaban aikinmu ya taɓa nuna mana wata kwalba da sirinji, ya yi bayani da Turanci mai sauri, abokan aiki suna ta shewa da maganganun banza. Na sunkuyar da kai har aka gama. A raina na ce, wa zai koya mini tsarki?

Shekarar da matata ta fara sarin atamfa da takalma, ta zo Dubai karo na farko. Ina zaune a unguwar Muraqqabat, a wani fulat da aka yayyanka da katako. Abokin ɗakina wani Alhaji ne ɗan Kano, ya girme ni, yana harkar kago, wato aika wa 'yan kasuwa kayansu gida, a unguwar Naif. Shi ya kwashe katifarsa ya koma wurin ƙaninsa don mu samu ɗakin.

Kafin ta sauka na fara jin wani ɗan zafi in na zagaya. Na share. Bayan zuwanta zafin ya zama kamar an zuba barkono, ga nauyi a mara, ga zazzaɓi da yamma. Ban nemi shimfiɗarta ba, na ce gajiya ce.

Wata Asabar da hantsi na dawo daga sayen burodi na tarar ta zazzage jakar aikina za ta yi mini wanki. Robobin suna kan gado. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirya kayan talla.

"Malam, mene ne wannan?"

Da na zauna a lokacin na yi mata bayani, da an gama. Amma kunya ta rufe ni, ni kuwa in kunya ta kama ni faɗa take fito mini da shi.

"Wa ya ce ki taɓa mini jaka? Kayan aiki ne."

"Kayan aiki." Ta maimaita a hankali. "Na ga alama. Ai ga shi nan aikin ya nuna a jikinka. Tun da na zo kake safa da marwa tsakanin ɗaki da bayi, kana cije baki. Ka ɗauka ban san ciwon sanyi ba?"

"Ki iya bakinki."

"Na iya. Allah Ya ba da sa'ar aiki."

Ta tattara robobin ta mayar cikin jaka, ta ja zif. Daga ranar tana dafa abinci, tana ajiye mini, tana gaishe ni da safe kamar baƙon da ya zo jiya. Idan na shiga ɗaki sai ta ɗauki carbi.

Alhaji ne ya kira ni zuwa shagonsa. Na same shi cikin lungun Naif, tsakanin buhunan takalma, yana yi wa wani direba ihu da Larabcin kasuwa. Ni kuwa Sarkin Ruwa yake kira na.

"Yalla, yalla, habibi, ɗauke min wannan! Sarkin Ruwa, zo nan. Me ka yi wa Hajiya?"

"Me ta ce?"

"Ta ce in canza mata tikiti, za ta koma kafin kayanta su haɗu. Macen da ta zo sari ta bar kaya a ƙasa? Kuma ta ce in ta koma gidan mahaifinta za ta sauka." Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ga yadda nake tsaye a karkace. "Kai, Sarkin Ruwa. Dubai ta kama ka ne? Kai da ko shayi ba ka sha a waje?"

"Wallahi, Alhaji, ban taɓa ba."

"To ni na yarda, don na san ko mage ba ta kula ka. Amma ba ni ka aura ba. Khalas, shi ke nan, wuce asibiti. Tikitin zan ce mata babu kujera, amma ƙaryata ba ta daɗewa."

Likitan wani dattijo ne mai sanƙo. Ya karɓi fitsarina aka gwada. Da sakamako ya fito ya ce ƙwayoyin cuta ne suka hau mafitsara, kuma ba irin na kwanciya da mace ba ne. Ya tambayi aikina. Da ya ji, sai ya ajiye biro.

"Kana wanke tiyon?"

"Kullum ina zuba masa ruwa."

"Ciki ko waje?"

Na ce waje. Ya yi mini bayani daki-daki. Fitsari yana saura a cikin tiyon. Na naɗe rigar da danshinta, na sa a wuri mai zafi, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ciki. In na koma ƙasan ruwa, nauyin ruwan yakan iya turo abin da ke cikin tiyon ya dawo jikina, musamman in bawul ɗin ya fara toshewa. Ya ce da na ƙara jinkiri, da ciwon ya kai ƙoda. Ya rubuta magani, ya hana ni shiga ruwa sai na warke.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin. Ruwan butata ya wanke abin da ido ke gani, ya ba ni damar tsayawa salla da zuciya ɗaya. Bai taɓa shiga inda ciwon yake ba. Na ɗauka tsarki da tsabta abu ɗaya ne.

Ina da takardar likita, amma da Turanci take, kuma takarda ba za ta bayyana robobin da ke jakata ba. Sai na je ma'ajiya na roƙi a ba ni rigata, da kwalbar nan da sirinji na wanke tiyo. Na ɗauko ta a babbar jaka, na hau jirgin ƙasa zuwa tashar Al Rigga da ke kusa da gida, mutane suna kaucewa.

Na same ta tana ninke kayanta. Na shimfiɗa rigar a ƙasa, ta cika ɗakin, kamar gawar wani ƙato.

"Hajiya, zauna. Zan nuna miki aikin."

Ta zauna a bakin gado, hannu a haɓa. Na fara daga farko. Na ciro roba ɗaya daga leda, na nuna mata bakin da ke ƙarshenta. Na juya cikin rigar na ciro tiyon. Na haɗa su. Na nuna mata bawul ɗin a cinya. Idona yana kan tayil duk tsawon bayanin, muryata kamar ta wani ce.

"Wato a nan kake..."

"A nan."

"A cikin rigar."

"A cikin rigar."

Na ɗauko bahon wanki na tara a ƙarƙashin bawul ɗin. Na cika sirinji da ruwan kwalbar, mai warin tsami irin na ruwan khal, na tura cikin tiyon. Da farko ya ƙi wucewa. Na ƙara dannawa. Abin da ya fito ba na son siffanta shi: wani kauri ne mai yauƙi, ruwan ƙasa, ga wari da ya buge ɗakin gaba ɗaya. Ta ja mayafi ta toshe hanci, ta tashi ta buɗe taga.

"Wannan ne kake cewa kana wankewa?"

Na ajiye sirinjin.

Ta daɗe tsaye a bakin taga, tana kallon titi. Na zaci dariya za ta yi, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Da ta juyo idonta ya yi ja.

"Malam, wato ka gwammace in ɗauke ka mazinaci, in kwashi 'ya'yanka in bar gidanka, da ka buɗe baki ka ce mini kana fitsari a riga?"

Duk kunyar da na sha a gaban Alhaji da likita ba ta kai wannan ba. Gaskiya ce ta faɗa.

Ta ɗauki wayarta ta kira Alhaji, ta gaishe shi, ta ce ya bar maganar tikitin. Ina jin muryarsa daga inda nake durƙushe: "Ai dama babu kujera, Hajiya!" Ta kashe wayar, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Ƙara turawa. Bai fito fari ba tukuna."

Na sake cika sirinjin. Na tura, na zubar, na tura, na zubar, har ruwan ya fito garau. Sannan na ɗauraye da ruwa mai kyau, na rataye rigar a ƙofar bayi, tiyon a buɗe yana kallon ƙasa don ya bushe. Tana tsaye har na gama, kuma ba ta bar ni na tsallake ko mataki ɗaya ba.