Mma Sanatu da Farantin Bature

Duk wanda ya yi zamanin samun 'yancin kai a Tamale ya ce bai san tubanin Mma Sanatu ba, to ƙarya yake yi, ko kuma ba shi da baki. A ƙofar gidan silima take zama da yamma, gajeriyar mace mai murya kamar an buga garwa. Dagomba ce 'yar gari gaba da baya, 'yar unguwar Kukuo, amma Bazabarme ta aura, Imurana mai sayar da bargo a zango. Ni Lariba maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya, don haka kada wani ya gyara mini zance.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka yi faɗa a bakin famfo tsakanin matan gari da matan zango. A kan me? Bokitin wa ya riga zuwa! Sai maza, da ba su da aikin yi, suka sayi faɗan. 'Yan gari suka ce 'yan zango sun ƙoshi sun manta da mai masauki, 'yan zango suka ce su ma nan aka binne cibiyarsu. Ciniki ya mutu wa Mma Sanatu, don kowane ɓangare na ganin ta wancan ce, amma ba wannan ya ci mata rai ba. Wanta Andani, wanda ya goya ta tana ƙarama, shi ya rantse ba zai ƙara cin abincin hannunta ba, kuma kada ta sake taka gidansu na Kukuo. Wallahi a idona matar nan ta rame.

Ana cikin haka aka kawo wani fim daga Amirka. Unguwa ce guda, fararen fata ba sa son baƙaƙen fata kusa da su, ana ta jifa da ƙone-ƙone. 'Yan gari suka fito suna cewa, "Mu ne baƙaƙen nan, an danne mu a ƙasarmu." 'Yan zango suka ce, "Ina! Mu ne, mu ake kora." Ba wanda ya yarda shi ne Baturen. A shekarar nan gara ka zagi uwar mutum da ka kira shi Bature, shi kuwa zagin da ake ta jifan juna da shi ke nan a layin tikiti.

Mma Sanatu ba ta taɓa shiga silima ba, ta ce ba ta biya don kallon bango. Amma rannan ta bar mini tsaron tukunya ta shiga. Da ta fito ta ce, "Lariba, ashe fararen nan kowa da farantinsa da cokalinsa, ba mai sa hannu a kwanon wani. Tir!"

Washegari da la'asar, mutane sun yi layi biyu a ƙofar silima, 'yan gari daban 'yan zango daban, ba mai kallon wani, sai ga ta da ƙaton tire na biki. Ta kwance tubani duka daga ganye, ta yanyanka, ta kwarara mai da soyayyar albasa, ta barbaɗa yaji. A gefe ta ajiye kujera, farantin tangaran ɗaya da cokali.

"Yau sadaka ce," in ji ta, "amma tire ɗaya ne. Wanda ba zai iya haɗa hannu da maƙwabcinsa ba, ga farantinsa, ya hau kujera mu san Baturenmu. Wanda ya juya kuma, mun san bariki ya tafi cin nasa."

Sai ƙamshi ya shiga aiki. Wani tsoho ɗan zango, da yunwa ta fi shi wayo, ya miƙa hannu wajen farantin. Nan take wani ya ƙame ya sara masa irin yadda ake yi wa jami'in Turawa: "Ranka ya daɗe, Disi!" Aka fashe da dariya, layi biyu duka. Tsoho ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, ya faɗa tire. Shi ke nan, aka rufa masa baya, gwiwa na gugar gwiwa.

Saura Andani, da shi ma yake cikin layi, yana tsaye ya harɗe hannu, gaba ba dama, baya ba dama.

"Sanatu, kin san na rantse," ya ce.

"Yaya, rantsuwa tana da kaffara. Sunan Bature kuwa har jikokinka."

Ya dubi kujera, ya dubi jama'a, duk an tsaya da loma a hannu ana jiransa. Ya ja tsaki ya naɗe hannun riga. Wuri ɗaya ya rage a bakin tire, kusa da surukinsa Imurana, nan ya tsuguna. Ya ci, ya ƙara, har da suɗe yatsa, mutumin da ya rantse!

Da ya miƙe bai dube ta ba. Ya ce, "Yajin nan na zango ne, ya yi yawa. Gobe ki kawo wa yara nasu gida, ki rage."

Ta buɗe baki za ta mayar masa da magana, sai kuka ya ƙwace mata, ni ma ya ƙwace mini. Da ƙyar ta iya cewa, "To, Yaya."